Tilo a Takarda

Asabar, 13 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Sabis, wato bugun fara wasan tanis, ɗari biyu na buga, ɗari da goma sha huɗu suka shiga. Filin bai bushe daga ruwan jiya ba, jar ƙasar tana kama takalmi. Kyaftin Adib, wanda ke horar da ni tun ina shekara tara, ya zauna a kan kwandon ƙwallo yana tsotsar ruwan ganyen matte, yana zagina ƙasa-ƙasa kamar mai lazimi.

"Nawras, wannan sabis ne ko sadaka kake miƙa wa abokin karawa? Kakata da ke kabari ta fi ka lanƙwasa gwiwa."

Da muka gama ya ƙirga mini kwanaki da yatsu, sai ka ce ban sani ba. Takardar da ta ɗage mini shiga aikin soja na dole saboda karatu za ta ƙare ranar sha biyar ga Maris, jami'a kuma ta gaji da ni, babu sabuntawa. Gasar Masar ranar ashirin da ɗaya za a fara. Maki bakwai nake da su a jerin 'yan tanis na duniya, duk a can na samo su bara, kuma maki shekara guda yake yi ya mutu. In ban je ba sunana ya fita daga jerin. In soja ne kuwa, ƙasar tana cikin yaƙi, waɗanda suka shiga shekara biyar da ta wuce har yau ba a sallame su ba. Shekarata ashirin da huɗu.

"Ƙofa ɗaya ta rage, ka kuma san ta," in ji shi.

Na san ta. Ba a ɗaukar ɗa tilo aikin soja. Mu biyu Umma ta haifa, ni da wana Mulham. Shekara huɗu ke nan cif da Mulham ya fita daga garinmu Lazikiyya ya kama hanyar birnin Halab a motar marigayi Baba, bai isa ba, bai dawo ba. Bayan shekara huɗu alƙali yana iya rubuta cewa mutum ya rasu, in iyalinsa suka nema.

Na ce wa Kyaftin gwiwar ce ke yi mini ciwo.

Litinin, 15 ga Fabrairu, bayan la'asar

An kawo wuta awa biyu. Umma ta yi guga, har da rigunan da ba mai sa su. Salam, matar Mulham, ta zauna a teburin kicin tana duba littattafan 'yan ajinta da jan biro. Wata bakwai suka yi da aure kafin tafiyar, ba ta haihu ba, ba ta kuma koma gidansu ba.

A gidanmu ba a sa sakata a ƙofa, don mabuɗi yana hannun Mulham. Mun daina lura da hakan, sai in baƙo ya kwana.

Na shiga kicin da niyyar magana, na fito da lemo biyu.

Talata, 16 ga Fabrairu, safe

Ɗari biyu, ɗari da tara. Tsirkiyar raket ɗaya ta tsinke.

Alhamis, 18 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Kyaftin ya ga ba zan iya ba, ya zo da kansa, da kwat da laƙatai da kwalin alawar karas. Mutumin da ke iya zagin ubana daga ƙarshen fili sai ga shi ya haɗe gwiwoyi a kujerar falo kamar mai neman aure. Ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar tsadar man hita, ya yaba gahawa. Umma ta bar shi ya gama zagayensa.

"Kyaftin, faɗi abin da ya kawo ka. Ba ka taɓa sa laƙatai don ruwan sama ba."

"Ummu Mulham, takarda ce kawai. Takarda ba ta kashe mutum. In Allah ya dawo da shi, alƙalin da ya rubuta shi zai goge."

"To gawar tana ina?"

"Ba a ce akwai gawa ba."

"Ba gawa, ba kabari, ni kuma in je in dangwala yatsa in ce ɗana ya mutu, don ƙanensa ya je ya bi ƙwallo da gajeren wando. Haka ne?"

"Ba don ƙwallo kaɗai ba ne, 'yar'uwa. Kin san inda ake kai sababbin shiga."

"Na sani. Sha gahawarka, tana hucewa."

Ina tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya dube ni. Da na raka shi ƙasa ya kwance laƙatan ya cusa a aljihu, ya ce gobe ƙarfe bakwai, kuma in zo da gwiwata.

Alawar tana kan firij, ba a buɗe ba.

Lahadi, 21 ga Fabrairu, azahar

Na je ofishin ɗaukar soja neman izinin tafiya, ko Allah zai sa. Ba a ba wanda takardarsa ta kusa ƙarewa. Ma'aikacin mutumin kirki ne, har ya tambaye ni ko tanis shi ne wanda ake yi a kan tebur. Na ce wani lokacin.

Gaba kura, baya sayaki. Na rubuta wannan ne don Baba yana yawan faɗa, ba don na ji wani abu ba.

Talata, 23 ga Fabrairu, hantsi

Ruwa, ba atisaye. Na taya Salam kwashe shanya daga baranda. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara, tana ninke zanen gado ba ta kallona.

"Kar ka tambaye ni, Nawras."

"Ban tambaya ba."

"Fuskarka tana tambaya tun makon jiya. In na ce e, na kashe shi. In na ce a'a, na kashe ka. Ni malamar lissafi ce, amma wannan ba na ajinmu ba ne."

"Yayyenki fa, me suke cewa?"

"Abin da suke cewa tun shekara biyu. Riƙe can, kana jan mini zane a ƙasa."

Na riƙe. Shekararta ashirin da bakwai, ban taɓa lissafawa ba sai yau.

Laraba, 24 ga Fabrairu, safe

Wani mutum ya zo fili. Ɗari biyu, ban ƙirga ba.

Alhamis, 25 ga Fabrairu, safe

Ɗari da biyu. Kyaftin ya ce ko jaki aka ba raket zai fi ni tausayin raga.

Juma'a, 26 ga Fabrairu, bayan masallaci

Bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya da baki.

Mutumin na ranar Laraba ya tsaya a jikin waya yana kallona har Kyaftin ya tafi sayen taba. Siriri ne, haƙoransa na gaba babu, rigar da ke jikinsa ta wani ce. Bai faɗi sunansa ba. Ya ce wata biyu ke nan da aka sake shi daga wani wuri, bai ce wane wuri ba, bai ce hannun su wa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce a ɗakinsu akwai wani bahago ɗan Lazikiyya da ya dunƙule safa ya yi ƙwallo, yana koya musu ƙirgar tanis don su kashe lokaci.

"Sha biyar, talatin, arba'in. Muka ce masa wane mahaukaci ne ya ƙirƙiro wannan lissafi? Ya ce ku bari ƙanena ya fito a talabijin, za ku gane."

"Yaushe ne wannan?"

"Shekara biyu. Wataƙila da 'yan watanni. Can ba a riƙe kwanan wata, ɗan'uwa."

"Daga nan fa?"

"Aka kira shi da safe da bargonsa. Wanda aka kira da bargo, wani wurin ake mai da shi. Wanda aka kira ba bargo, shi ne ba a tambaya."

Bai nemi komai ba. Na miƙa masa ruwa, ya sha rabi ya ba ni sauran, ya tafi.

Mulham bahago ne. Shi ya fara kai ni fili, shi ya koya mini riƙon raket, da ya ga na fi shi sai ya bar wasan ya koma ɗaure mini tsirkiya da tuƙa ni gasa. Irin tsirkiyar da nake so a lokacin sai a shagon wani ɗan Armeniya a Halab. Ni na ce a samo ta kafin Alhamis. Umma ba ta taɓa ambatar wannan ba ko sau ɗaya, kuma da ta ambata da ya fi mini sauƙi.

Shaidun kotu rantsuwa suke yi cewa shekara huɗu ba a ji labarin mutum ba. Ban faɗa wa kowa ba. Yau mun ci shinkafa da waken adas.

Lahadi, 28 ga Fabrairu, yamma

Ɗari biyu, ɗari da ashirin da shida. Ban taɓa kai haka ba a wannan wata. Ban san me zan yi da wannan ba.

Litinin, 29 ga Fabrairu, azahar

An liƙa sabuwar takardar rasuwa a bangon gidan burodi, a kan ta makon jiya. Wa'il ne, ɗan maƙwabciyarmu Ummu Wa'il ta hawa na uku. Ajinmu ɗaya a sakandare, mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, ba ya kama komai. Wata biyar ya yi da shiga soja. An kawo akwatin a rufe, an ce kar a buɗe.

Umma ta sa baƙi ta hau sama. Na je rumfar maza, aka zuba mini gahawa mai ɗaci a ƙaramin finjali, na sha na girgiza shi na mayar.

Laraba, 2 ga Maris, ƙarfe shida da rabi na safe

Ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa Umma ta fito daga kicin. Kwana biyu ta yi tana zaman makoki a hawa na uku.

"Sha biyar ga wata ka ce?"

"Ni ban ce ba, Umma."

"To, wani ya ce. In ka dawo daga wasanka ka bi ta wurin mai unguwa Abu Zuhair, ka ce Ummu Mulham tana son ganinsa da hatiminsa."

"Umma, akwai wata magana."

"Ba na son magana. Ka ɗauki rigar sanyi, iska ake yi daga teku."

Na ɗauki rigar. Har na sauka hawa ɗaya na tsaya, na ji tana wanke finjalai, na ci gaba da sauka.

Alhamis, 3 ga Maris

Ban faɗa ba.

Asabar, 5 ga Maris, safe

Ɗari da goma sha tara. Ban faɗa ba.

Lahadi, 6 ga Maris, bayan la'asar

Kotu. Wani lauya ɗan'uwan Abu Zuhair ya tura takardunmu gaba, muka shiga kafin azahar. Ɗakin ƙarami ne, akwai hita da ba ta aiki da tulin fayil har taga. Mata uku na gabanmu duk abu ɗaya ya kawo su. Alƙalin yana da mura.

Kyaftin da Abu Zuhair suka rantse, su dai gaskiyar abin da suka sani suka faɗa. Alƙali ya tambayi Salam, ta gyaɗa kai, ya ce a kotu baki ake amfani da shi, ta ce ba labari. Ya juya ga Umma.

"Hajiya, tun ranar da ya fita, ba wasiƙa, ba waya, ba wanda ya ce ya gan shi?"

"Ba labari."

Ni bai tambaye ni ba, don ni ne mai amfana, maganata ba ta shiga. Na tsaya a baya ina karanta kalandar bango. Umma ta dangwala babban yatsa, ta nemi abin gogewa, ba a samu ba, ta goge a gefen mayafinta. Duka minti goma sha ɗaya.

A motar haya Kyaftin ya fara cewa wani abu game da haƙuri. Umma ta ce wa direba ya bi ta kasuwa, za a buƙaci gahawa kilo biyu.

Talata, 8 ga Maris, hantsi

Na zaci takarda ce kawai, yadda Kyaftin ya ce. Umma ta ce in an yi abu a yi shi duka, ba za a ce ɗanta ya mutu a fayil kamar mara dangi ba. Za a buga sanarwa, a kafa rumfa kwana uku, Salam ta shiga takaba.

Muka je wurin mai buga takarda. Ya saba, bai ɗaga kai ba.

"A sa shahidi ko marigayi?"

"Shahidin wa?" in ji Umma.

"To marigayi. Za a yi jana'iza a wane masallaci, a kai shi wace maƙabarta?"

"Bar wurin fari."

Ya bar shi fari. An jera sunayenmu a ƙasa yadda aka saba, mahaifiyarsa, matarsa, kawunnansa. Ɗan'uwansa: Nawras. Ni na liƙa su da kaina, guda arba'in, da ruwan fulawa. Bangon gidan burodi ya cika, sai da na rufe rabin ta Wa'il.

Juma'a, 11 ga Maris, yamma

Kwana na biyu a rumfa. Na tsaya a bakin shiga ina karɓar gaisuwa, don ni ne namijin gidan. Kowa ya san dalili, kowa kuma ya yi ladabi, in ban da Kawu Gassan, wan Baba, wanda ya riƙe hannuna ya daɗe.

"Allah ya jiƙansa. Kai kuma Allah ya sa ƙwallon ta yi albarka, tunda an yi mata layya."

Na ce amin. Me zan ce?

Salam ta gaya mini ta bayan ƙofa cewa a wurin mata Umma tana amsa kowa da fara'a, tana cewa Allah ya ba da lada, amma in aka ce Allah ya jiƙansa ba ta cewa amin. Mata sun lura, sun bar kaza cikin gashinta.

Jiya Salam ta sa sakata. Da safe na tarar an zare.

Litinin, 14 ga Maris, azahar

An buga hatimi a littafina na soja: tilo ga mahaifiyarsa. Ma'aikacin nan mai tanis ɗin tebur ya ce barka, sai ya duba takardar kotun, ya ce Allah ya ba da haƙuri, sai ya rasa wanne zai bari. Izinin tafiya ya fito a take.

Kwana ɗaya ya rage. Na fito na bi ta shingen bincike biyu ba tare da fargaba ba, karo na farko a bana. Na ji daɗi. Gara in rubuta gaskiya, na ji daɗi sosai, har na sayi masara gasassa a bakin teku na ci a tsaye.

Juma'a, 18 ga Maris, ƙarfe tara na safe, a motar Bairut

Kyaftin yana gaba yana barci, bakinsa a buɗe. Rubutun zai karkace.

Salam ta yi mini sallama daga cikin ɗaki. Umma ta sauko har bakin titi da kwalbar zaitun da ba za a bari in shiga jirgi da ita ba. Direba yana ɗaure jakar raket a sama, ta jawo ni gefe ta gyara mini wuyan riga.

"Mutumin nan mara haƙora, ka ba shi wani abu ya ci?"

Na tsaya kallonta.

"Wurina ya fara zuwa, ranar Litinin, kuna fili, Salam tana makaranta. Ni na kwatanta masa inda zai same ka. Na so in ga ko za ka faɗa mini."

"Umma, na yi niyya."

"Na sani. Na ji ka tsaya a matakala. Da ka faɗa da ban iya zuwa kotun ba, don haka kar ka ɗauki wannan ka tafi da shi, jakarka ta yi nauyi. Ni na yi ƙarya gaban alƙali, ba kai ba. In wanka Mulham ya dawo, ni zan yi masa bayani."

"Salam fa?"

"Salam ta yi shekara huɗu. Ya isa. Shiga mota, mutane na jira."

Ban yi kuka ba sai bayan mun wuce garin Tartus, shi ma kaɗan, direba ya ƙara muryar rediyo.

Talata, 22 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana, Masar

Zagaye na farko, fili na huɗu, ɗan Italiya mai shekara sha tara da masu horarwa biyu. Shida da huɗu, uku da shida, bakwai da biyar. Awa biyu da minti arba'in. 'Yan kallo biyar ne, uku daga cikinsu masu share fili. Kyaftin ya ce sabis ɗina na biyu abin kunya ne, sannan ya shiga banɗaki ya daɗe.

Wanda ya ci zagaye na farko yana samun maki ɗaya. Sunana zai zauna a jerin shekara guda.

Laraba, 23 ga Maris, bayan la'asar

Zagaye na biyu, ɗan Rasha. Ya cinye ni shida da ɗaya, shida da biyu, minti hamsin da uku. Ba ciwo, ba uzuri, ya fi ni ne kawai.

Na kira gida daga bayan filin. Umma ta ɗauka a bugun farko. Ta tambayi abinci, ta tambayi zafi, ta ce Salam tana gaishe ni, ta ce Ummu Wa'il ta fara cin abinci. Sannan ta tambaya:

"An gama wasan?"

"An gama, Umma. An fitar da ni yau."

"To makin da ka je nema, ka samo?"

"Na samo."

"Nawa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya tak?"

"Ɗaya tak."

Na ji ta ja kujerar kicin ta zauna. Na jira ta faɗi abin da Kawu Gassan ya faɗa, ko wanda ya fi shi, don tana da iko.

"Ni ma ɗaya suka rubuta mini," in ji ta. "Ka riƙe naka da kyau. Akwai wata gasar mako mai zuwa?"

"Akwai."

"To ka zauna ka buga."

Na ce to, Umma.